Yadda Harsashin Bindiga Ya Kakkaɓo Jirgin Jesse Brown, Da Abin Da Ya Hana A Ɗauko Shi

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji labarin wani baƙar fata, matuƙin jirgin yaƙi na sojan ruwan Amurka, da aka kashe a yaƙin Koriya yana ɗan shekara 24. Abu biyu suka tsaya masa a rai. Na farko, ta yaya harsashin bindigar hannu zai kakkaɓo jirgin yaƙi? Na biyu, me ya sa abokan aikinsa suka tafi suka bar shi a kan dutse, sannan suka dawo suka cinna wa gawarsa wuta? Ya ƙara da cewa, ko dai don baƙi ne?

To ɗan'uwa, wanda kake nufi shi ne Jesse Leroy Brown, ranar kuwa ita ce 4 ga Disamba 1950. Na daɗe ina hulɗa da injinan jirage masu farfela, saboda haka tambayarka ta farko ta faɗo gidana. Ta biyun kuwa sai mun bi ta a hankali, don akwai gaskiya a cikin zarginka, sai dai ba a inda ka ajiye ta take ba.

An haifi Brown ranar 13 ga Oktoba 1926 a garin Hattiesburg na jihar Misisipi, can kudancin Amurka inda wariyar launin fata take doka a rubuce. Mahaifinsa yana noma gonar wani ne a raba amfani, mahaifiyarsa kuma ta taɓa koyarwa. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya kai shi kallon wasan jirage, daga nan abin ya shiga ransa. Yana yaro ya yi tallar wata jaridar baƙaƙen fata mai suna Pittsburgh Courier, har a 1937 ya rubuta wa Shugaba Roosevelt wasiƙa yana tambayar dalilin da ya sa ba a ɗaukar baƙi tuƙin jirgin soja. Ya gama sakandare a 1944, shi ne na biyu a ajinsu. Maimakon ya tafi kwalejin baƙaƙe kamar yadda aka ba shi shawara, sai ya nufi Jami'ar Jihar Ohio, yana karatun zanen gine-gine da rana, da dare kuma yana dakon kaya a tashar jirgin ƙasa don ya biya kuɗin makaranta.

A watan Yulin 1946 ya shiga shirin sojan ruwa na horar da matuƙa. Ka lura da shekarar. Shugaba Truman bai sa hannu a kan dokar hana wariya a cikin soja ba sai 26 ga Yuli 1948, wato Brown ya shiga tun kafin a yi wannan doka. Sojan ƙasa sun riga sun horar da baƙaƙen matuƙa a Tuskegee tun zamanin yaƙin duniya na biyu, amma a keɓe, su kaɗai a rundunarsu. Shi Brown cikin fararen aka jefa shi, shi kaɗai. Ya yi horo a Glenview da Ottumwa da Pensacola da Jacksonville. A tsakiyar horon, a watan Oktoban 1947, ya auri Daisy Nix a ɓoye, don doka ta hana ɗalibin tuƙi yin aure, da an gano da an sallame shi. Ranar 21 ga Oktoba 1948 aka maƙala masa alamar fukafukai a ƙirji.

Ana yawan cewa shi ne baƙar fata na farko da ya tuƙa jirgin sojan ruwan Amurka. Maganar tana buƙatar ɗan gyara. Akwai Oscar Holmes da ya samu wannan matsayi a 1943, amma shi ya shigo da ilimin tuƙinsa daga waje, kuma yana da hasken fata har hukuma ba ta farga da wuri ba. Brown shi ne na farko da ya shiga kowa ya san baƙi ne, ya bi horon tun daga tushe har ya gama. A watan Afrilun 1949 ya zama ƙaramin hafsa, daidai da mai anini ɗaya a sojan ƙasa, aka tura shi rundunar jiragen yaƙi ta 32, wadda daga baya ta koma kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, Leyte.

Ni abin da ya fi burge ni a tarihinsa ba wannan laƙabi na "na farko" ba ne. A tsarin tashi, jirage bibbiyu suke tafiya, ɗaya jagora, ɗaya mai tsaron baya. Brown aka ba jagoranci, mai bin sa kuwa Thomas Hudner, farar fata ɗan gidan masu hali daga jihar Massachusetts, wanda ya fito daga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, kuma ya girme shi a muƙami. An yi haka ne don Brown ya fi shi awannin tashi. A ƙasa Hudner ne babba, a sama Brown ne ke gaba. Ba a ba mutum wannan wuri don a faranta wa 'yan jarida, domin ran wani ne ake ɗora masa.

Da yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yuni 1950, Leyte tana Bahar Rum. Aka kira ta gida, ta ratsa mashigin Panama, ta iso gaɓar Koriya a watan Oktoba. A lokacin kowa gani yake an kusa gamawa. Janar MacArthur, babban kwamandan sojojin da ke mara wa Koriya ta Kudu baya, ya sauke sojoji a Inchon ranar 15 ga Satumba, rundunar Koriya ta Arewa ta watse, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suna ta dannawa arewa zuwa kogin Yalu, iyakar ƙasar Sin. Ashe ba a san dawar garin ba. Sinawa sun riga sun tsallako cikin dare, da ƙafa, suna ɓuya da rana. Daren 27 ga Nuwamba suka afka wa sojojin da ke kewayen tafkin Chosin. Sunan tafkin na asali Changjin, taswirar Japanawa da Amurkawa ke amfani da ita ce ta kira shi Chosin. Sojojin Majalisar kimanin 30,000 ne, akasarinsu 'yan runduna ta ɗaya ta sojojin Marin, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa amma a ƙasa suke yaƙi. Sinawan da suka yi masu ƙawanya sun kai wajen 120,000. Hanyar fita ɗaya ce tak, siririya, mai tsawon kilomita kusan 125 tsakanin duwatsu har zuwa tashar ruwa ta Hungnam. Sanyin dare yana wuce digiri 30 ƙasa da sifili, har man bindiga ya daskare, abincin gwangwani ya zama dutse.

Abin da ya hana a murƙushe su shi ne jirage. Sinawa sun hau kan tuddan da ke gefen hanya, duk motar da ta motsa suna ganinta. Saboda haka da gari ya waye sai jiragen Corsair da Skyraider su zo su yi ta shawagi a kan ayarin, wani hafsa a ƙasa riƙe da rediyo yana nuna masu tudun da za su buga. Wannan aiki ba a yin sa daga can ƙololuwa. Mutum sanye da fararen kaya kwance cikin dusar ƙanƙara, ba ka ganinsa sai ka sauko. Sannan tsakanin naka da abokan gaba wani lokaci bai wuce tazarar jifa ba, idan ka saki bam daga nesa naka za ka kashe. Dole ka yi ƙasa-ƙasa, ka rage gudu, ka zura ido. Nan amsar tambayarka ta farko ta fara.

Ranar 4 ga Disamba, da ƙarfe 1:38 na rana, jirage shida suka tashi daga kan Leyte ƙarƙashin jagorancin Dick Cevoli, mataimakin kwamandan rundunar. Brown ya riga ya yi fita yaƙi sau ashirin. Daren jiya ya zauna ya rubuta wa Daisy wasiƙa, wadda ta zama ta ƙarshe. Tafiyar kilomita 160 ce zuwa tafkin, wajen minti arba'in. A ranar ne ƙarshen ayarin da ya fasa ƙawanya daga ƙauyen Yudam-ni yake shigowa ƙauyen Hagaru-ri da ke kudancin tafkin, kuma aikin jiragen shi ne su leƙa duwatsun da ke kewaye su ga inda Sinawa ke taruwa. Suka sauko zuwa ƙafa 700, wato mita 210 da 'yan kai. Bindigar soja ta yau da kullum tana kai harsashi fiye da haka nesa ba kusa ba. Sinawa kuma sun koyi dabara: in jirgi ya taho, sai gungun sojoji su kwanta su ɗaga bindigogi su saki wuta gaba ɗaya a gabansa, ya shigo cikin ruwan harsashin da kansa. Ba saiti ake yi ba, yawa ake nema. Cikin ɗari ɗaya ya isa, in ya faɗa inda bai kamata ba.

Yanzu ga jirgin kansa. Corsair samfurin F4U-4 jirgi ne na yaƙin duniya na biyu, mai inji ɗaya ƙirar Pratt & Whitney, silinda 18 jere biyu a zagaye kamar ƙafar keke, ƙarfinsa ya haura doki 2,000. Iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba, don haka ba shi da lagireto irin na mota. Wannan ya sa ake yabonsa da tauri, domin jirgin Mustang mai lagireto huda ɗaya ke zubar da ruwansa inji ya ƙone, kuma an yi asarar Mustang da yawa a Koriya ta wannan hanya. Irin injin Corsair kuwa an sha ganin ya dawo gida da silinda a fashe yana aiki. Amma kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Injin da iska ke sanyayawa ya dogara ƙwarai da baƙin mai, don man ba santsi kawai yake bayarwa ba, shi ne ke kwashe zafin cikin inji. Man kuma dole a sanyaya shi, shi ya sa aka sa masa 'yan ƙananan na'urorin sanyayawa guda biyu a gindin fukafukai, inda suka haɗu da gangar jirgi, da bututu masu kai mai da dawo da shi. Duk suna fuskantar ƙasa da gaba, daidai inda harsashin mai harbi daga ƙasa yake bugawa. A yaƙin sama da sama wannan ba wata babbar matsala ba ce, don daga baya ake harbinka, kuma akwai sulke a bayan kujera. A aikin rakiyar sojan ƙasa kuwa, cikinka ka buɗe wa mutane. Kamfanin da ya ƙera jirgin ma ya gane haka, domin a samfurin da ya fitar daga baya musamman don harin ƙasa, AU-1, ya matsar da na'urorin ciki ya ƙara sulke.

Wajen ƙarfe 2:40 wani matuƙi a cikin tawagar, Bill Koenig, ya ga wani abu yana tsiyaya daga jirgin Brown kamar hayaƙi, ya gaya masa ta rediyo. Bututun mai ne harsashi ya fasa. Duk bakaniken da ya taɓa ganin motar da ta zubar da baƙin mai direba bai sani ba ya san sauran labarin. Allurar matsin mai ta faɗi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, inji ya buga. Bambancin kawai, mai mota gefen titi zai gangara.

Za ka ce me ya hana shi dira da laima? Tsawo ne babu. Corsair ba shi da kujerar da ke harba matuƙi waje. Sai ka buɗe murfi, ka kwance ɗamara, ka fita da ƙarfinka, ka faɗo, sannan laima ta buɗe, duk wannan yana cin ɗaruruwan ƙafa. A ƙafa 700 da mataccen inji, kafin ka gama ka iso ƙasa. Komawa teku ko filin saukar jirage na Hagaru-ri ma babu hali, don jirgi mai nauyin tan biyar zuwa shida in inji ya mutu ba ya nisa. Abin da ya rage shi ne ya nemi fili ya kwantar da jirgin a kan cikinsa. Ya yi duk abin da littafi ya ce: ya zubar da tankin mai na waje da rokoki don kada su tashi da shi, ya bar tayoyi a naɗe, domin in ka sauke su a ƙasa mai gargada sai su kafe jirgi ya kifa. Ya hango wani ɗan fili kamar kwano a gefen dutse, sama da mita 1,500 daga matakin teku, kusa da Somong-ni, wajen kilomita 24 a bayan layin Sinawa. Daga sama fili ne fari sumul. A ƙarƙashin dusar kuwa ƙasa ce daskararriya mai tauri kamar kankare.

Jirgin ya bugu da ƙarfi har gangarsa ta lanƙwashe daidai wurin zaman matuƙi. Corsair yana da dogon hanci, domin an sa babban tankin fetur tsakanin inji da matuƙi, aka tura kujera baya. Da hancin ya karye ya juya gefe, sai ƙarfen ya matse gwiwar Brown da allon agogunan gabansa. Hayaƙi kuma ya fara tashi daga gaba, kusa da wannan tanki.

Na sama sun ɗauka ya mutu. Suna kewayawa sai suka ga ya buɗe murfi yana ɗaga hannu, amma bai fito ba. Mutumin da jirginsa ke hayaƙi bai fito ba, ka san ba ya iyawa ne. Cevoli ya yi sama don rediyonsa ya kai nesa ya kira jirgi mai saukar ungulu. Hudner ya yi lissafi: kafin taimako ya zo wutar za ta iya kai wa tanki. Akwai umarni tsayayye cewa kada wanda ya kuskura ya sauke jirginsa don ceton wani, wanda ya yi kotun soja ce ke jiransa. Dalilin umarnin a fili yake, asarar jirgi ɗaya da mutum ɗaya ta fi ta biyu sauƙi. Hudner bai nemi izini ba. Ya sanar cewa zai sauka, ya zubar da kayansa, ya kwantar da lafiyayyen jirginsa a kan dutsen nan, ya bugu har ya ji ciwo a baya wanda ya daɗe yana fama da shi.

Ya tarar da Brown a farke, cikin natsuwa, amma sanyi ya riga ya kama shi. Brown ya cire hular kwano da safar hannu yana ƙoƙarin kwance kansa, safar ta faɗi inda ba ya iya kaiwa, yatsunsa sun sandare. Hudner ya sa masa hular ulu, ya naɗe masa hannu da mayafin wuyansa, ya riƙa ɗibar dusar ƙanƙara yana cusawa inda hayaƙin ke fitowa. Sai ya yi ƙoƙarin jawo shi. A nan siffar jirgin ta sake zama matsala. Fukafukan Corsair a lanƙwashe suke, sun yi ƙasa sannan suka yi sama, an yi su haka ne don farfelarsa mai faɗin mita huɗu ta samu tsawo daga ƙasa ba tare da an yi dogayen ƙafafu ba. Sakamakon haka wurin zaman matuƙi yana can sama, fiffiken kuma gangare ne. Takalmin Hudner ya yi ƙanƙara, ya taka ya zame, ya taka ya zame. Da hannu ɗaya yake riƙe jirgi, da ɗaya yake ja. Ko da a ce a tsakar gida ne, ƙarfen da nauyin inji ya lanƙwasa ba ya miƙewa da hannun mutum. Ya koma rediyon jirginsa ya ce a zo da gatari da abin kashe gobara.

Jirgi mai saukar ungulu ya iso, ƙirar Sikorsky, wani hafsan Marin mai suna Charles Ward yana tuƙi, shi kaɗai. Irin waɗannan na farko-farko ne, ba su da ƙarfi, kuma a kan dutse iska ba ta da kauri, kowane kilo sai an yi lissafinsa. Tunda mutum biyu zai ɗauka, bai zo da mataimaki ba. Abin kashe gobarar ƙarami ne, nan da nan ya ƙare. Gatarin kuwa in an sara sai ya yi tsalle ya dawo. Sun shafe wajen minti 45 suna fama. Har maganar yanke ƙafar ta taso, amma babu wurin tsayawa a yi, kuma mutumin da ya zubar da jini ya sha sanyi haka da wuya ya rayu bayan an yi masa wannan da wuƙa. Brown yana suma yana farfaɗowa. Maganarsa ta ƙarshe, kamar yadda Hudner ya faɗa har ƙarshen rayuwarsa, saƙo ne ga Daisy cewa yana ƙaunarta.

A wannan yanki a watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Jirgin Ward ba shi da kayan tashin dare, balle cikin duwatsu. Jiragen da ke gadi a sama su ma mai yana ƙare masu, kuma da duhu ya yi Sinawa za su sauko. Ward ya gaya wa Hudner gaskiya: shi zai tashi, in Hudner ya zauna to gawa biyu za a ƙirga. Hudner ya koma ya gaya wa Brown za su je su samo kayan aiki su dawo. Brown bai amsa ba, kansa ya riga ya sunkuya. Ana kyautata zaton ya cika a lokacin ko jim kaɗan bayan haka, saboda rauni da sanyi. Shi ne hafsan sojan ruwan Amurka baƙar fata na farko da aka kashe a wannan yaƙi.

Ka ga ke nan ba abu ɗaya ne ya kashe shi ba. Harsashin bai taɓa jikinsa ba. Mai ya zube, tsawo bai isa dira ba, ƙasa ta yi tauri, ƙarfe ya matse, sanyi ya shiga, rana ta faɗi. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, da wataƙila ya tsufa ya ga jikoki. Matuƙa da dama sun yi irin wannan saukar a Koriya sun fito da ƙafarsu.

Saura maganar wuta. Na san yadda take a kunnenmu, mu da muka saba a yi wa mamaci wanka da sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta juya. Su ma ɗin ba al'adarsu ba ce su bar nasu a fili, sojojin Marin a wannan janyewa har gawarwaki suka riƙa ɗaurawa a kan motoci da igwa. Hudner ya roƙi a bar shi ya koma da mutane a ciro gawar. Kyaftin ɗin Leyte, Thomas Sisson, ya hana. Hujjarsa ita ce Sinawa sun san Amurkawa suna dawowa ɗaukar nasu, jirage biyu kwance a fili kuwa babu tarkon da ya fi su. Sannan a daidai kwanakin ana ficewa ne daga yankin baki ɗaya, ranar 6 ga Disamba aka fara barin Hagaru-ri, wurin da jirgi mai saukar ungulu zai tashi ke nan. Za a tura rayayyu da yawa su mutu don a ɗauko wanda ƙarfe ya riƙe, wanda gatari ya riga ya gaza a kansa.

Barin jiragen haka nan kuma bai yiwuwa, don ƙa'ida ce a lalata jirgin da ya faɗi a hannun abokan gaba saboda rediyo da makamai da takardun da ke ciki. Saboda haka cikin kwanakin da suka biyo jirage bakwai suka tashi daga Leyte, abokan aikinsa ne a ciki. Suka tarar yana nan a kujerarsa, an tuɓe masa kaya. Wannan ma kada ka yi saurin yanke hukunci, sojojin Sin da yawa da takalman zane suka shigo wannan sanyi, dubbai daga cikinsu sanyi ne ya kashe su ko ya cinye masu yatsu, rigar matuƙin jirgi a wurinsu rai ce. Aka saki bam ɗin napalm, wato fetur mai kauri da ke kamawa ya ci, a kan jirgin Brown da na Hudner, wani matuƙi yana karanta Addu'ar Ubangiji ta rediyo, kasancewar Brown Kirista ne mai riƙo da addininsa. A wurinsu jana'iza suka yi masa da abin da ke hannunsu.

To ko don baƙi ne? Wariya ta bi Brown tun daga haihuwa. Ya sha zagi a Misisipi, ya sha a wurin horo daga bakin wasu malamai, kuma a garuruwan kudu da ya yi horo akwai wuraren cin abinci da kakinsa ba ya shigar da shi. Da a ce ya dawo da rai a 1951, da a garinsu kujerar baya zai zauna a bas. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai kamata labarin Hudner ya zama sabulun wanke shi ba, kamar yadda wasu Amurkawa ke son yi. Amma a kan dutsen nan, hujja ba ta goyi bayan zarginka ba. Farar fata ya karya doka ya fasa jirginsa saboda shi, wani farar fata ya shigo bayan layin abokan gaba da jirgi marar makami, sauran suna kewayawa a sama har mai ya kusa ƙare masu. Fararen matuƙa da yawa sun faɗi a Koriya ta Arewa ba a yi masu rabin wannan ba, kuma har yau akwai Amurkawa sama da 7,000 da ba a gano gawarsu ba daga wannan yaƙi.

Ba a kai Hudner kotun soja ba. Ranar 13 ga Afrilu 1951 Truman ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a fadar White House, Daisy tana tsaye a wurin. Kuɗin da mutanen garinsu suka tara masa ya miƙa mata ta yi karatu, ma'aikatan Leyte kuma suka yi karo-karo don karatun 'yar da Brown ya bari, wadda ba ta cika shekara biyu ba lokacin rasuwarsa. Shi Brown an ba shi lambobi uku bayan mutuwa, ciki har da ta bajintar tuƙi. Ayarin da ya mutu yana karewa ya isa Hungnam, inda zuwa 24 ga Disamba aka kwashe sojoji wajen 105,000 da fararen hula kusan 100,000 ta teku.

A 1973 sojan ruwan Amurka suka ƙaddamar da jirgin yaƙi mai sunan Jesse L. Brown. Ya yi aiki har 1994, sannan aka miƙa shi ga Masar, suka sauya masa suna zuwa Damiyat. A watan Yulin 2013 Hudner, yana ɗan shekara 88, ya tafi Pyongyang da kansa don a kai shi dutsen ya nemo abin da ya rage. Hukumomin Koriya ta Arewa sun karɓe shi, amma damina ce, ruwa ya cinye hanyoyin da ke zuwa Changjin, aka ce ya dawo wani lokaci. Bai samu komawa ba, ya rasu ranar 13 ga Nuwamba 2017.